Ranar da Na Tsufar da Kwamfutoci Goma

Ba na jin akwai ranar da zan manta da wata Litinin a makarantar 'yan mata da nake koyar da kwamfuta a Daura. Kwamfutoci goma gare mu, tsofaffi, amma suna aikinsu lafiya lau. Sai shugabar makaranta, Hajiya Binta, ta ce baƙi za su zo daga Katsina su duba ko za a bar mana ajin ko a rufe shi.

Nan fa son burgewa ya motsa. Na samo sabuwar manhaja, babbar nan da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, na kwashe Asabar da Lahadi ina ɗora wa kowacce. Na ga allo ya yi kyau, na kashe na tafi gida (gwaji kuma? Ai ni ce malamar). Har na ce wa Hajiya, "Ranki ya daɗe, gudu za su yi kamar sabon babur."

Ranar Litinin ɗin baƙi suka zo su uku, babbansu wani dattijo mai farin gilashi. Na gyara hijabi na ce, "Ɗalibai, a kunna."

Aka kunna. Muka jira. Muka ƙara jira. 'Yar da'irar nan ta jira da ke kan allon kwamfuta sai juyawa take yi, injina suna gurnani. Wadda ta daure ta buɗe kuwa, in ka danna harafi sai ka gama salati kafin ya fito. Hajiya ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malama, wannan ne babur ɗin?"

Dattijon ya duba agogo, ya juya ga ɗalibai. "Wa zai gaya mini abin da ke damunsu?"

Nafisa Lawal, wata 'yar aji biyar daga Sandamu, ta miƙe. "Yallaɓai, lafiyarsu ƙalau. Sabuwar manhajar ce ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsu. An canza kayan, ba a canza mai ɗauka ba. Ko a ƙara musu ƙwaƙwalwa, ko a mayar da tsohuwar."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Malama ce, a zangon da ya wuce. Har a jarrabawa ta tambaye mu."

Ajin ya ɓarke da dariya, har da dattijon. Ya yi musu tambayoyi kusan rabin awa, ba wadda ta gagare su. Ni ina tsaye jikin bango, kunya na cina, kaina kuma na ƙara girma. Da zai fita ya ce, "Hajiya, ajin nan ba na rufewa ba ne."

Kwana uku muka yi da 'yan matan muna mayar da tsohuwar manhaja. Tun daga ranar, duk darasin da na rubuta wa ɗalibai a allo, sai na tabbata ni ma na kwafa.