Man Ƙumbuz na Daktor Ja'afaru

Allah ya yi wa unguwar Aziziyya ta Madina gata ranar da ya sauke mata Daktor Ja'afaru Maiwada. Mutum ne da ya taɓa riƙe makullin wani ɗakin magani a Kano, tun daga nan kuwa ilimi ya hana shi sakat. Ko burodi zai saya sai ya sa farar rigar likita, ga biro jere a aljihu. Takardar shaidarsa ba mu taɓa gani ba. Mu ma ba mu tambaya ba, rigar ta ishe mu.

Wata rana yana shan shayi, rediyo ta ce Turawa sun tatso wani sinadari daga tsiron wiwi, wanda ba ya bugarwa, sai dai ya kwantar da jijiya. Daktor ya ɗauki rabin shirin, ya bar wa jahilai sauran. Washegari ya gano cewa ƙumbuz, ƙwayar nan da masu kiwon tattabaru ke saya, 'ya'yan wannan tsiron ce. Ya ciccibo buhu, aka matse masa mai, ya ɗura a kwalaben turare.

"Sunansa kanabidiyol," in ji shi a majalisarmu bayan La'asar. "Turawa har yau ba su san yadda yake aiki ba. Ni na sani. Yana shiga jini ya yi sallama, ya bi jijiya-jijiya, duk inda ya tarar da ciwo ya ce masa halas, ya isa, tattara. Ƙanin hashish ne, amma mai tarbiyya."

Mu kuwa, Allah ya shirye mu, muka hau warkewa. Tsoho Ammi Usmanu ya yar da sandarsa. Barau mai tasi ya rantse gashi ya fara dawo masa. Har ciwon da ba mu da shi ya warke, don kada a ce jinin wani ne bai waye ba.

Daktor ya ji daɗin kalmar hashish ɗin nan, wato wiwi, yadda take sa a zaro masa ido, sai ya riƙa yayyafa ta a kowace magana. Ya manta ƙasar da yake. A nan kalmar kaɗai ta isa a karɓe wa mutum iƙama, takardar zama, a sa shi a jirgi.

Ran nan yana tsakiyar bayani, askarawa biyu suka yi sallama. Babban ya ɗauki kwalba ya shinshina.

"Ya shaikh, an ce akwai hashish a man nan?"

Daktor ya hango iƙamarsa a hannun wani, ya hango 'ya'yansa a tashar motar Kano, yaran da in ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Tsoro ya kama shi, na gaske. Nan take sauran rabin shirin ya dawo masa.

"Wallahil azim babu komai a ciki, ya sidi. Sinadarin a fure da ganye yake, ƙwaya ba ta da shi. Abincin tsuntsu ne. Ko ciwon kai ba ya warkarwa. Ga su nan, tambaye su."

Askarin ya juyo ya dube mu. "Wa ya warke?"

Barau ya ja hularsa ya rufe sanƙonsa. Ammi Usmanu, wanda ya shigo a miƙe kamar saurayi, ya dafa kafaɗar na kusa da shi, ya fita yana ɗingishi da ƙafar da ba ita ke ciwo ba.

Suka tafi da kwalbar aka auna. Sakamako ya dawo: man abincin tsuntsu ne, babu komai a ciki. Iƙama ta tsira, rigar ma tana nan, mu ma ba mu fasa ce masa Daktor ba. Ai ya cancanta. Tun da ya sauka Madina, wannan ne karo na farko da bincike ya tabbatar da maganarsa.