Ranar da Na Kulle Kafilina a Waje

Shekarata uku ina tuƙa kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, a Riyad, sai ya ce zai kai iyalinsa hutu wani gandun daji a kan duwatsun kudu, inda gajimare ke ratsa itatuwa. Ya tambaye ni ko na san namun daji. Na ce, "Haba Mudir! Ai kakana maharbi ne." Alhali tela ne a Fagge.

Muna tsayawa a bakin wani kwari mai zurfi, birai suka gangaro daga dutse, garke guda. Na fito ina taƙama da ledar dabino, shi kuma yana bina yana ɗauka da waya.

Sai babbansu ya taho, mai furfurar gashi har kafaɗa. Ya zauna gabana ya yi hamma. Da na ga haƙoran nan, kowanne tsawon ɗan yatsana, ban san lokacin da na watsar da dabinon, na faɗa mota, na danna makulli ba.

"Iftah! Buɗe!" Kafilina ke dukan gilashi, birai na jan jallabiyarsa. Igamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take, na sani, amma ban buɗe ba. Matarsa ce ta miƙo hannu daga kujerar baya ta buɗe.

Bai kore ni ba, direban maƙwabcinsa kawai ya tura wa bidiyon, shi kuma ya baza shi. Har yau in na doshi masallacinmu na unguwar Malaz, sai wani abokina ɗan Maraɗi ya ce, "Jama'a, ku yi sauri, kada ya riga mu shiga ya kulle!"