Kalmar da Ta Kai Dattawa Biyu Madawa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na tsinci wata kalma a cikin mota na kawo ta garinmu ba. Wasu in sun dawo daga tafiya atamfa suke kawowa ko takalmi. Ni kalma na zo da ita.

Ni ne sakataren ƙungiyar masu noman albasa a ƙauyenmu, nan gefen Madawa. A aji shida na bar lakwal, amma hannuna na da kyau, kuma ba na son hargitsi. Duk abin da zan faɗa sai na jera shi daki-daki. Saboda haka duk takardar da za a rubuta a garin, wurina ake zuwa. (Ku riƙe wannan, zai dawo.)

Mun kai albasa Sakkwato, muna kan hanyar dawowa, direba ya kunna rediyo. Wani ɗan jarida na ta matsa wa wani lauya da tambaya, sai ya ce maganar "sabjudis" ce. Nan take ɗan jaridar ya yi tsit. Na tambayi direba, ya ce Ingilishin lauyoyi ne: magana in tana gaban alƙali, ba mai taɓa ta sai an yanke hukunci. Wato ba zan ce ban san ma'anarta ba. Na sani sarai. Shirun ɗan jaridar nan ne ya tafi da hankalina. Shekara da shekaru ina fama da mutane a taro, ga kalma guda mai rufe baki kamar kwaɗo.

A gida na fara gwada ta. Yara na musun wanda ya fasa randa, na ce sabjudis, suka yi shiru. Rabi, mai ɗakina, ta tuna mini rufin ɗakinta da ya yi yoyo duk damina, na ce ita ma maganar sabjudis ce. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce, "To Malam, Allah shi kawo mu ranar hukunci."

A lokacin akwai rikici tsakanin dattawa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya: Baba Idi, babba, da ƙaninsa Baba Sanda. A kan rijiya ce, wadda ke tsakiyar garakensu. Kowa ya rantse ba ya sake jan ruwanta sai an ce tasa ce, ga lokacin dashe ya matso, irin albasarsu na ta yin rawaya. In aka ƙara jinkiri, gida biyu sun rasa noman rani. Mai gari da liman suna ta gyara abin a ƙasa-ƙasa, yadda aka saba: ranar Juma'a bayan masallaci ƙane zai kai goro zauren wansa, wan ya karɓa ya raba wa jama'a, ba wanda zai ambaci rijiya, shi ke nan an wuce wurin. A wajenmu ɗan'uwa ba ya kai ɗan'uwa gaban alƙalin gwamnati. Wanda ya yi haka ya yanke zumunta, har jikoki sai sun ji.

To muna da gurup a talho, na 'yan gari da waɗanda ke ci-rani a Legas da Abijan. Ni ke riƙe da shi. Samari suka cika shi da maganar rijiya, kowa na goyon bayan nasa. Raina ya ɓaci. Na zauna na rubuta: "Sanarwa. Na farko, maganar rijiya sabjudis ce. Na biyu, kada kowa ya sake taɓa ta. Na uku, wanda ya taɓa za a fitar da shi. Sakatare."

Gurup ya yi tsit. Na ajiye talho ina jin kaina kamar lauyan rediyo.

Abin da ban lissafa ba shi ne, yaran da ke Legas sun san kalmar. Ɗan Baba Idi ya kira ubansa ya ce Baba Sanda ya kai shi jastis, wato kotu. Ɗan Baba Sanda, wanda ɗakinsu ɗaya a can, ya kira nasa uban ya ce Baba Idi ne ya kai ƙara. Ba wanda ya yi shakka, don kowa ya san in takardar ƙara ce, ni zan rubuta ta. Kuma ba wanda ya tambaye ni, don na riga na ce wanda ya taɓa maganar za a fitar da shi.

Juma'a ta zo, goro bai je ba. Liman ya gaishe ni sama-sama, na ɗauka azumi yake.

Ranar Litinin da safe Baba Idi ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya hau kabu-kabu, ya ce ba zai jira jandarma su zo ƙofar gidansa ba. Baba Sanda ma haka, ta wata hanyar. A kan benci ɗaya suka haɗu a ƙofar jastis ta Madawa, wannan a wancan bakin, wancan a wannan, ba gaisuwa. Har aka yi azahar ba a kira su ba. Da wani ma'aikaci ya duba ya ce babu ƙara da sunan kowa a cikinsu, Baba Idi ya juya ya ce, "Kai Sanda, ba kai ka kai ni ba?" Baba Sanda ya ce, "Ni, Yaya? In kai ka? Amsa kiranka na zo yi." A kan moto ɗaya suka dawo.

Da la'asar aka aiko in zo ƙofar mai gari. Na ɗauki biro na tafi, a zatona rubutu za a yi. Na tarar rabin gari na zaune, dattawan biyu kafaɗa da kafaɗa, riguna jajir da ƙurar hanya.

Mai gari ya ce, "Sakatare, wanga abu da ka rubuta, mi yake nuhi?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, magana ce da ke gaban alƙali."

"Madalla. Wane alƙali?"

Na gyara zama. Na ce, "Na farko..." Sai na nemi abin da zai biyo baya na rasa. Tunda nake ban taɓa cewa na farko ba tare da na biyu na jira a bayanta ba. Wani daga baya ya ce, "Muna jiran na biyu, Sakatare!" Wuri ya fashe da dariya. Baba Idi kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Yaro, yau tun hantsi nike zaune inda ake aje ɓarayin awaki, ina tunanin ɗan uwata ya sai da ni. Ka san nauyin wannan?"

Na ce ban sani ba, amma na tuba. Wannan kam ba ta buƙaci jeri ba.

Hukuncin da aka yanke: ni zan sayi goron, kuma ni zan shayar da irin albasarsu duka biyun da guga daga rijiyar nan har a yi dashe. Suna zaune a inuwa ɗaya suna gyara mini aiki. "Wancan fangalin bai ƙoshi ba, Sabjudis." Albasar ta tashi, sunan ma ya zauna. Har yau yara da shi suke gaishe ni, cikin ladabi.

Abin da na koya shi ne, kalmar aro kamar jakin aro ce: gidan mai ita ta sani, can za ta kai ka. Ranar da na gama ban ruwa na shigo gida kafaɗuna na zogi, Rabi ta ajiye mini fura, ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta ce, "Malam, tunda alƙalai sun fara zama, tawa ƙarar fa?"

Washegari na hau ɗaki da laka.