Ranar da Sabi'u Ya Sace Shanyar Maiturare

"Gajiya da sauƙi, sai dai ganinka da sassafe ya dawo mini da ita," in ji Maiturare, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ya mutanen Rogo? Sun gaji da kai ne suka koro mana?"

"Suna gaishe ki. Cewa suka yi in zo in duba baiwata, ko aiki take ko barci."

Sabi'u ke nan, ɗan kawunta, ya kafe babur a gindin kuka yana washe baki. Taubasai ne, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an yi musu dariya ba. Shi ɗan namiji ne, don haka a wajensa ita baiwa ce har abada. Ita kuwa ba ta taɓa amsa sunan ba.

A fakon da ke bayan Kurugu suke, inda Maiturare ke shanya barkono kowace kaka. An kwashe shanyar, an ɗure buhuna, an jera. Motar mai saye daga Kano kawai take jira. Ba ta damu da kwatance ba, domin 'yarta Kausar ta buɗe wa ƙungiyar manoman Karaye da Rogo taswira a waya, kowane ɗan ƙungiya ya dasa alama a wurin shanyarsa da sunansa, direba ya bi har inda kaya suke. Abin da ya dame ta ɗaya ne: hadari ya fara haɗowa daga gabas, barkono kuwa in ya sha ruwa a buhu, sunansa shara.

"Me kike ta leƙen hanya kamar wadda miji ya yi wa alkawarin tsire?" in ji Sabi'u.

"Mota nake jira. Matsa, kanka ya tare mini gabas da yamma."

"Wannan kan? Da shi ake auna hula a kasuwar Rogo."

"Da shi dai ake auna dawa."

Ƙaramar wayarta ta yi ƙara. Ta danna, ta buɗe murya don hannunta duk yaji ne.

"Hajiya, Kabir direba ne. Na wuce Karaye, na kama hanyar Rogo kamar yadda taswira ta ce. Amma sunan ya canja. Yanzu an rubuta, 'Shanyar Baiwar Sabi'u, a nemi ubangidanta.' Ku ne?"

Maiturare ta juyo a hankali. Sabi'u ya riga ya zauna a kan buhu, ya riƙe ciki, hularsa ta faɗi ƙasa.

"Kai ne?"

"Ni ne! Jiya bayan la'asar na sa yatsa ɗaya, na ja fakon nan gaba ɗayansa, na ajiye a ƙofar gidana. Ko gumi ban yi ba. Kakanninmu sun sace wa juna akuya da takalmi, ni na sace fili sukutum. A rubuta a tarihi!"

"Ɓarawon da ya fi kowa lalaci a ƙasar Kano. Ko satar ma a kwance ka yi ta."

"Ba sata ba ce. Kayan baiwa na ubangidanta ne."

"Hajiya," in ji Kabir ta cikin waya, "in Rogo ne, akwai masu barkono da ke jirana can, sai in cika motar da nasu. In ba can ba ne, a gaya mini yanzu, ina tsoron hadarin nan."

Dariyar Sabi'u ta ɗan rage. Bai san yau motar za ta zo ba. Ya saci kallon sama, ya saci kallon buhunan, sannan ya zaro babbar wayarsa yana kaɗa ta a iska.

"Abu mai sauƙi. Ki durƙusa ki ce, 'Ranka ya daɗe, ubangidana,' in mayar miki da fakonki kafin ki miƙe."

Maiturare ta dubi ƙaramar wayarta, wadda ba ta buɗe taswira. Babbar wayar gidan tana hannun Kausar a Karaye. Wahalar damina guda ce a jere cikin buhunan nan. Kalma huɗu kacal. Sai dai ta san in ta faɗa, kafin azahar an ji a Rogo, kafin Sallah jikokinsa sun mayar da ita waƙa.

"In durƙusa maka? Gwiwata ko gaban surukata sai da aka lallashe ta." Ta ɗaga waya. "Malam Kabir, juyo. Ka dawo baya, ka shiga burtalin da ke wajen kuka."

"Hajiya, kuka nake gani dama da hagu. Dawa kuma ta fi motar tsawo, ko'ina burtali ne."

"Kukar da ta karkace."

"Duk a karkace suke, Hajiya."

"Ka ji ko?" in ji Sabi'u. "Garinku ko itace bai tsaya daidai ba. Durƙusa, baiwa, lokaci na tafiya."

Iska mai sanyi ta taso, ta ɗaga gefen tabarma. Maiturare ta tsaya tana kallon fakon, jar ƙurar barkono ta rine shi har ya koma kamar an zuba jan-baki. Sai ta tuna ranar da Kausar ta fara nuna mata taswirar, ta danna wani wuri, zane-zanen hanya suka ɓace, ƙasa ta fito yadda shaho ke ganinta.

"Malam Kabir, tsaya a gefen titi. Rabu da sunaye, ɓarayi sun shiga cikinsu. Juya taswirar zuwa hoton sama."

"Na juya."

"Nemo Kurugu. Ka ja hoton yamma da gari kaɗan. Me ka gani?"

"Gonaki... kore, kore, ruwan ƙasa... Kai! Hajiya, akwai wani abu ja wur a nan, kamar an yanka sa."

"To, ni ce."

"Ke ce?"

"Shanyata ce ta bara. Na'urar da ke sama ta zo wucewa, ta ga abin da ya fi ƙarfin idonta, ta tsaya ta ɗauka. Duk faɗin Karaye da Rogo ka duba, in ka ga ja irin wannan, je can ka yi lodi. Dasa alamarka a tsakiyarsa, ka biyo."

"Na dasa. Ga hanya ta fito. Ashe ma kusa ne, ina zuwa."

Ta kashe waya, ta soke ta a ɗaurin zani, ta gyara kallabi, sannan ta dubi Sabi'u daga sama har ƙasa.

"Suna ka sace. Je ka sato jan."

"Ƙarya ne! Wannan ba barkono ba ne. Jan bargona ne na shanya bara da na zo kwana."

"Bargon da ya rufe fili guda? Da kai da wa kuke lulluɓa, da mutanen unguwarku?"

"Ni babban mutum ne."

"A kai, ƙwarai. Buɗe wayar mu gani."

Ya buɗe yana gunaguni. Suka haɗa kai a kan gilashin. Ga shi nan kuwa, ja jawur a tsakiyar gonaki, gefensa a daidaice kamar an sa igiya. Maiturare ta yi murmushi. Ita ce ta yi rainon irin, ita ta dasa, ita ta tsinka har yatsunta suka yi kanta, ga shi yau ana hangensa daga inda jirgi ma ba ya kaiwa.

"To, ja mu je Rogo," ta ce. "Nuna mini shanyar gyaɗarka."

"Sabis ba kyau."

"Jiya ai ya yi kyau da za ka saci fili. Ja!"

Ya ja hoton har ƙofar gidansa. Suka duba, suka ƙara girma, suka sake dubawa.

"Ina take?"

"Ga ta nan."

"Wannan ai ƙasa ce."

"Gyaɗa kalar ƙasa gare ta! Gyaɗata kunya gare ta, ba ta son hoto. Ba irin barkononki mara kamun kai ba, da ke yi wa sama kwalliya."

"Wannan farin ɗigon fa, a gindin bishiya?"

"Tunkiya ce."

"Tunkiya da hula? Kai ne, Sabi'u. Duniya ta leƙo Karaye ta tarar da aiki, ta leƙa Rogo ta tarar da kai kana minshari."

"Gadi nake yi!"

"A kwance?"

"Ɓarawo ta ƙasa yake zuwa!"

Ƙugin mota ya katse su. Ta ɓullo daga cikin dawa tana rangaji, daidai lokacin da aka yi tsawa ta farko. Kabir ya diro, ya gaishe su a gurguje, ya dubi sama, ya dubi buhunan.

"Hajiya, ni kaɗai ne, abokin aikina bai zo ba. In ba a samu hannu ba, ruwan nan zai riga mu."

Maiturare ta juyo. Ta harɗe hannu, ta dubi ɗan kawunta. Sabi'u ya dubi farar rigarsa, ya yi tsaki, ya tuɓe ta ya rataye a babur, ya sunkuya.

"Ɗora mini, Malam. Kada ka gaya wa kowa a Rogo."

"A hankali, ranka ya daɗe," in ji Maiturare, tana tafe a bayansa. "Ubangida da buhu a ka! Malam Kabir, da ma na'urar sama ta wuce yanzu."

"Atisha! Wannan ba barkono ba ne, mugunta ce aka shanya. Atisha!"

Buhu na ƙarshe na shiga, Kabir ya ja tamfol ya ɗaure, yayyafi ya sauko. Mota ta tashi. Su biyun suka fake a gindin kuka, Sabi'u idanu jawur, hanci na zuba, yana ta latsa waya.

"Me kake sacewa kuma?"

"Mayarwa nake. Ungo, duba."

Alamar ta dawo tsakiyar jan, daidai wurinta. Ta karanta sunan a bayyane: "Shanyar Maiturare, wadda ake gani daga sama. Taubashiyar Sabi'u na Rogo ce."

"Wa ya ce ka liƙa sunanka?"

"Haba, Turare. Duk zuriyarmu ke kaɗai sama ta sani. Ki bar ni in raɓa, in na je kasuwa in nuna wa mutane."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Sannan ta kwance bakin zaninta, ta ciro ƙullin dakakken yaji da ta tanada don kanta, ta cusa masa a aljihu.

"Bar shi haka. Wannan kuma ka kai gida, ka barbaɗa a kan gyaɗarka. Wataƙila baɗi a gan ka."

Sabi'u ya buɗe baki zai rama, atishawa ta riga shi.