Gashin Jakada a Bakin Mashaya

A wani daji mai rafi guda ɗaya tak, an yi wani zalɓe ana ce masa Jatau. Shekara ashirin da bakwai yana jakadan majalisar dabbobi a wurin kadoji, masu rafin. Tsayuwa cikin ruwa ta cinye masa ƙafafu, matarsa Kande ce ke shafa musu man kaɗe duk yamma. A lokacin kaka ya rasu.

Al'adar dajin ce, in jakada ya mutu, a soke gashin fiffikensa guda a jikin kukar majalisa don kada a manta da shi. Ranar bakwai Kande ta kawo gashin.

Dila, magatakarda, ya yi gyaran murya. "Uwargida, Allah Ya ba ki haƙuri. Sai dai akwai 'yar matsala. Sabon jakadanmu Aku ya je gaisuwa, ya ji Sarkin Kada yana yabon ladabin Zaki. Ashe marigayi ba ya kai saƙo yadda aka ba shi. Majalisa ba ta karrama maƙaryaci."

Kande ta dubi Zaki. Ba ta rusuna ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba, amma ban manta ba. Shekarar fari ka ce a gaya wa kada bakinsa ya fi hankalinsa tsawo. Malam ya dawo gida ya kasa cin abinci. Da safe ya je ya ce kana gaisuwa, kana tambayar lafiyar yara. Ranar da Kura ta ce a gaya musu rafin na kakanta ne, cewa ya yi Kura na godiya da maƙwabtaka. Ku kuna zagi daga inuwa, shi yana tsaye taku biyu da haƙora. Duk shekarun nan wa ya kai ɗansa mashaya ya dawo shi kaɗai? Ya tashi in gan shi."

Babu wanda ya tashi. Zaki ya daki ƙasa.

"Wato shekara ashirin da bakwai kada bai san ra'ayina a kansa ba?"

Kura ta ce, "An tauye mana haƙƙi, wallahi."

"Ba roƙo na zo yi ba," in ji Kande. "Ku riƙe kukarku. Dama bai taɓa zama a inuwarta ba."

Ta ɗauki gashin ta tafi bakin mashaya, ta soke shi a tsohon kututturen da mijinta ke jingina in ƙafa ta dame shi. Ta waiwayo ta ce wa Dila, da ya biyo ta yana haki, "Wanda ya isa ya zo ya cire."

Majalisa ta zartar da abu biyu. A cire gashin, kuma Aku ya kai duk tsofaffin saƙonni, kalma da kalma. Aku haziƙi ne, kafin hantsi ya gama. Ya dawo babu wutsiya.

Gashin yana nan har yau, Kande na zuwa ta kakkaɓe masa ƙura. Ita kuwa majalisa, bayan dogon nazari, ta gano cewa raɓa ta fi ruwan rafi amfani ga lafiya.