Yadda Za Ka Ja Wasan Labari Idan Surukinka Ne Dodo

Duk wanda ya bi matakan nan na ɗaukar masa alkawari: wasansa zai daidaita, abokansa ba za su watse ba, aurensa kuma ko girgiza ba zai yi ba. Ban yi boko mai nisa ba, amma na sayar da awaki a kasuwar Gaya har gemuna ya yi fari. Wanda ya iya ɗaure bunsuru biyu a turke ɗaya ba a koya masa daidaita ƙarfi.

In ba ka san wasan ba, ga shi. Samari ke zama a tabarma, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a ciki, wannan maharbi, wancan maƙeri. In ka ce za ka yi wani abu, sai ka jefa dayis ɗin ludo. Shida ta fito ka ci, ɗaya ta fito ka faɗi, mai jan labari kuma shi ke faɗa maka a gaban jama'a. A garinmu Toranke wani yaro Mus'ab ne ya zo da shi daga makaranta, shi ne kuma mai jan labarin. A kansa na koyi komai, don ƙofar gidana tana kallon tsamiyar da suke zama duk Juma'a bayan la'asar.

Mataki na 1: Ka waiga kafin ka nemi mai riƙe Dodo

Mus'ab ya ajiye wa abokansa Dodo a bakin rijiya don su yi ta fama da shi. Sai Abba, mai riƙe da maharbi, ya ce shi fura zai miƙa masa. Ya jefa, shida ta fito. Dodo ya sha, ya ce ya bi su. Mus'ab ya ɗora ƙwallon goruba a tabarma a matsayin Dodo ya ce, "To, wa zai riƙe shi?"

"Ni."

Mus'ab bai waiga ba. Da ya waiga da ya ga Malam Bubayero, uban matarsa, tsaye da sanda a kafaɗa ya dawo daga wurin shanu. Dattijo ya tattara riga ya zauna. Mus'ab ya zame daga tabarma ya durƙusa a ƙasa, kai a sunkuye. Daga ranar mai jan labari ya koma yi wa tururuwa magana.

Hikima: bakin da ya ce "wa yake so?" shi zai ciyar da wanda ya amsa.

Mataki na 2: Ka ƙara abokan gaba

Kowa zai ce maka tunda ayari ya yi ƙarfi, a ƙaro musu masifa. Ka gwada, don ka huta da masu ba da shawara. Mus'ab ya sako kuraye garke guda. Kafin Abba ya ɗana kibiya, Bubayero ya ce, "Na haɗiye su."

"Baffa, sai an jefa..."

"Jefa mini, yaro."

Huɗu ta fito. Mus'ab ya ce huɗu ta ishi Dodo. Mako na gaba ya sako 'yan fashi da giwa. Giwar ta taka maƙeri, 'yan fashi suka ɗaure maharbi, Dodo ya cinye giwa ya nemi ruwa. Abba ya zauna yana ɓare gyaɗa har aka tashi.

Mataki na 3: Ka rage masa ƙarfi, in kana da ido

Nan ne maza ke faɗuwa. Ka sa gada siririya wadda ba za ta ɗauki Dodo ba. Mus'ab ya sa. Bubayero ya jefa da hannunsa, dayis ta gangara ta tsaya, ɗaya ta fito ɓaro-ɓaro kamar idon mujiya. Samari suka zuba wa Mus'ab ido. Shi kuma ya dubi ɗayar, ya dubi takalmin surukinsa, ya tuna wannan mutumin ne ya ba shi 'ya har da saniyar tatsa.

"Tabarmar ce ta karkace," in ji shi. "A sake, Baffa."

Da aka tashi Abba ya tare shi a bayan tsamiya. "Malam, mu ba 'yan rakiyar Dodo ba ne. Juma'a mai zuwa in ba ka iya ce masa ya faɗi ba, gidan kallon ƙwallo za mu koma. Can ko banza in an ci mutum ana faɗa."

Hikima: dayis ba ta da suruki. Kai ke da shi.

Mataki na 4: Kada ka kai ƙara wurin matarka

In ka kai, to ka shirya shan dariya. Mus'ab ya kai wa matarsa Juwairiyya tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta riƙe ciki.

"Wai Baffa ne Dodo? Shi ya sa jiya yake tambayar Inna ko ta taɓa ganin wanda ya haɗiye giwa!"

"Ki yi masa magana mana."

"Ni? In ce masa me, ka mutu? Rufa mini asiri." Ta share hawaye da gefen zane. "Duk ƙasar nan mutum ɗaya ke gaya wa Baffa magana ya yi dariya. Kai ma ka san shi."

Mataki na 5: Ka ɗauko abokin wasansa

Kowane babba yana da wanda al'ada ta ba lasisin zaginsa. Bafulatani nasa Babarbare ne. Mus'ab ya hau babur ya ɗauko Malam Gaji mai turare daga Ajingi. A hanya ya yi masa bayanin dokoki, Gaji bai saurari ko ɗaya ba. Abin da ya tambaya kawai, "Bawan nawa ne ke damun ku?"

Aka ba shi Aljanin Kogo, aka ɗora masa marfin buta a tabarma. Bubayero na ganinsa ya ce, "A'a! Wa ya kwance wannan? Babarbare, ka gaida ubangidanka."

"Ubangida da ƙafa kamar sillen kara? Jefa mu gani, ɗan nono."

Bubayero ya ce zai murƙushe Aljani. Ya jefa. Ɗaya.

Mus'ab ya buɗe baki zai ambaci tabarma, Gaji ya ɗaga masa hannu. "Yi shiru, yaro, wannan aikina ne. Ɗaya ce, bawana. Ka faɗi. Ka faɗi warwas, ƙafa a sama, jama'a suna kallo!"

Bubayero ya dubi dayis, ya dubi Gaji, sai ya fashe da dariya har hula ta faɗo. "Allah ya isa, turarenka ne ya shiga mini ido. Miƙo, in rama."

Mataki na 6: Ka bar su da juna

Kada ka raba. Nan sirrin yake. Bayan sun gaji suka raba goro, Gaji ya ce Aljani ma ya shiga ayari, don ba zai bar bawansa yana yawo ba mai tsaro ba. Abba ya dafe kai: dodanni biyu! Amma ka ji ikon Allah. Duk sa'ad da kuraye suka fito, Dodo Aljani yake kai wa duka, Aljani kuma Dodo. Ko kallon kurayen ba sa yi. Ranar maharbi ya harbi kura ta farko tun da aka fara wannan rigima, maƙeri ya fasa ƙofar kogo, Abba ya yi ihu har awakina suka firgita. Ba wanda ya ƙara zancen ƙwallo. Mus'ab dai har yau a ƙasa yake zama, amma in surukinsa ya jefa ɗaya, sai ya ɗan yi tari, Gaji ya sanar.

Sharaɗi

Ni shawara na bayar, ban ɗaura wa kowa aure ba, ban kuma ƙera dayis ba. In ka bi matakan nan ka wayi gari dattawa biyu suna cin tuwo a gidanka duk Juma'a, ɗaya yana neman ƙarin man shanu, ɗaya yana cewa a hana bawa, kada ka zo ƙofata. In kuma surukinka ba shi da abokin wasa a duk faɗin Gaya da Ajingi, to ɗana, ka ba shi giwa ya haɗiye, ka ce tabarma ce.