Yadda Za Ka Gyara Soket ɗin Gidan Gado Ba Tare da Ka Kira Manasseh Ba

In gidanka na gado ne, an ja masa wuta tun kana goye, soket ɗinsa ido biyu, firji kuma yana jan duk wanda ya taɓa shi, to kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka ga sakamako. Maƙwabcina Mu'azu ya bi su, ga shi nan da ransa a Birnin Gwari.

1. Musanta matsalar

In maiɗakinka ta ce firji ya ja ta, ce mata sanyi ne. Shekara huɗu Talatu, matar Mu'azu, tana buɗe firjin zoɓonta da silifas a ƙafa, tsumma a hannu. Shi kuwa gogan, da yake kawo masa ruwa ake yi har tabarma, bai taɓa jin komai ba. "Ke dai kin cika raki," in ji shi.

2. Jira sai suruka tana tafe

Hajiya Huraira, mahaifiyar Talatu, ta aiko daga Kazage za ta zo kwana uku. Tsohuwar ba ta sa takalmi a cikin gida, ba ta kuma rabuwa da alwala. Talatu ta ce, "Malam, ni na saba. Amma in ya ja Inna da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ka tanadi abin da za ka faɗa wa yayyena."

3. Kada ka kira Manasseh

Manasseh mai gyaran wuta zai ce sai an ja waya ta uku daga kowane soket zuwa ƙarfen da aka binne, don ɓatacciyar wuta ta bi ta shige ƙasa maimakon ta bi jikin mutum. Dogon turanci ke nan. Sayo soket mai ido uku, fari tas, ka ɗaura a kan tsofaffin wayoyin nan biyu. Ai ba wanda ke leƙa bayan bango.

4. Binne ƙarfen

Ka sha gani ana yi: rami, rodi, gawayi, gishiri, ruwa. Mu'azu ya kwashe gawayin girki da gishirin miya ya zuba. Haɗa rodin da waya kuwa, wannan aikin masu neman suna ne. Abarshi, maƙwabcinsa na baya, ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam Mu'azu, wa ake binne wa?" Har yau ba ya cin abincin gidan.

5. Gwada lokacin da aka ɗauke wuta

Mu'azu ya tuɓe takalmi, ya rungumi firji. "Kin gani?" Talatu ta dubi ƙwan fitila, ta dube shi, ta koma wanke-wankenta.

6. Yi ladabi

Ranar da Hajiya ta sauka aka kawo wuta da azahar. Ta idar da alwala, ƙafa sharkaf, ta nufi firji neman ruwan sanyi. A nan zuciyar Mu'azu ta gaya masa gaskiya. Ya yi wuf ya sha gabanta, ba takalmi: "Hajiya, bari in ɗauko miki."

Wuta ta fizge shi har ƙeya. Ba a ihu gaban suruka, sai ya haɗiye, ya durƙusa ya miƙa mata ruwan, ido ya cika da ƙwalla.

"Allah Ya yi albarka," in ji Hajiya. "Mijin nan naki akwai kunya."

Da ta shige ɗaki, ya dubi Talatu, murya ƙasa-ƙasa. "Haka kike sha?"

"Kullum. Tun shekarar da na haifi Ummi."

Kunyar gaske ta kama shi. Ya zare filogin, ya fita neman Manasseh, ko hula bai ɗauka ba.

Gargaɗi

Ba ruwana da ƙonewar firji, ko miyar da ba gishiri, ko gabar maƙwabci. Ni ma Manasseh ne ya yi mini nawa. In ka ƙi ji, to taɓa firjin da kanka tukuna, ba takalmi, da wuta, kafin ka ce wa 'yar mutane ta cika raki.